Sunan Gado a Ƙasar Sikotlan

Cikin Gwamnonin da Turawa suka aiko Nijeriya kafin samun mulkin kai, akwai uku waɗanda sunayensu suka fito daga ƙasa ɗaya. Na farko Sa Donal Kamaron, wanda ya zo a 1931. Na biyu Sa Jon Makfasan, wanda ya zo a 1948, shi ne mai tsarin mulkin nan na 1951 da a ke kira da sunansa. Na uku Sa Jemis Robatsan, wanda ya kama aiki a 1955, a zamaninsa kuwa aka sauke tutar Turawa a 1960. Jama'a sun ɗauke su duka mutanen Ingila ne, don ba a cika rarrabe Bature da Bature ba. Amma sunayen nan uku na Sikotlan ne, ƙasar da ke arewa da Ingila, tsibirinsu ɗaya, sarkinsu ɗaya, amma kowa da tarihinsa. Ko wane suna kuwa da ma'anarsa. Robatsan ɗan Robat ke nan. Makfasan ɗan liman. Kamaron kuwa, duk da girman Gwamna, ma'anarsa karkataccen hanci.

Mutanen Sikotlan na gida kamar miliyan biyar da rabi ne. Amma jikokin waɗanda suka fita daga cikinta, a Amurka da Kanada da Ostareliya da sauran wurare, sun fi na gida yawa nesa ba kusa ba. Shi kansa Gwamna Kamaron ba a can aka haife shi ba, a Giyana aka haife shi, cikin Amurka ta Kudu. Da yawa daga cikin jikokin nan ba su taɓa ganin ƙasar ba, ba su jin harshenta, ba abin da ya rage musu sai suna. Da sunan nan su ke tashi neman asali. Mutum ya yi shekara da shekaru yana tara kuɗi, ya hau jirgi, ya sauka Edinbara, ya ce shi Makdonal ne, a nuna masa garin kakanninsa da gidan sarautarsu. Ba abin dariya ba ne, gama wanda bai san inda ya fito ba kullum yana ji kamar an ɗauke masa wani abu. Sai dai shaidar da ya zo da ita, watau sunan, shaida ce mai rauni. Kafin a gane dalilin rauninta sai an san yadda aka zauna a ƙasar a zamanin da.

Ƙasar ta kasu biyu. Kudu da gabas fili ne, akwai birane da kasuwanni, harshensu kuwa ɗan'uwan Ingilishi ne. Arewa da yamma duwatsu ne da kwaruruka da tafkuna, da tsibirai barkatai cikin teku. Mutanen tuddan nan suna da nasu harshe, a na ce da shi Gelik. Sarki yana can nesa a kudu, hanya babu, sanyi da ruwan sama ba su ƙarewa. Sabo da haka ko wane kwari ya zama da babbansa. Shi ke raba gonaki da makiyaya, shi ke yanke shari'a, shi ke shiga gaba in yaƙi ya tashi. Jama'ar da ke ƙarƙashinsa su a ke kira kilan, kalmar kuwa a harshensu ba ta nufin komi sai 'ya'ya. Watau babban nan uba ne, su kuwa dangi ne, 'ya'yan mutum ɗaya. Haka su ke faɗi, haka kuma su ke so a ɗauka.

Kalmar nan Mak da ke gaban sunayensu da yawa, ɗa ta ke nufi, kamar yadda Bahaushe ya kan ce ɗan wane. Mace kuwa a Gelik Nik a ke sa mata, watau 'yar wane. Akwai wani jarumi wai shi Somaled, wanda ya mallaki tsibiran yamma da jiragen ruwa, aka kashe shi a yaƙi a 1164. Ɗansa Dugal shi ne kakan gidan Makdugal. Jikansa Donal shi ne kakan gidan Makdonal, waɗanda suka yi ƙarfi har a ke kiran shugabansu Sarkin Tsibirai, yana da fadarsa da majalisarsa a tsibirin Aila, yana ƙulla alkawari da Sarkin Ingila kamar ba shi da wani sarki a kansa. Sai a 1493 Sarki Jemis na Huɗu ya karɓe wannan sarauta.

Ba dukan sunaye suka fito daga sunan kaka ba. Waɗansu laƙabi ne ya bi mutum har ya danne sunansa na yanka. Kamaron an riga an faɗi nasa. Kambel, gidan da ya fi kowane samun shiga wurin sarakuna, karkataccen baki ke nan. Waɗansu sana'a ce: Makintaya ɗan masassaƙi, Maknab ɗan shugaban gidan ibada, Makintosh ɗan shugaba. Waɗansu sunan wuri ne, kamar Godon, wanda asalinsa sunan wani ƙauye ne a kudancin ƙasar. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga yadda yaran makaranta a ƙasar Hausa suka riƙa ɗaukar sunan garinsu, sabo da Muhammadu ya yi yawa a aji. Waɗansu manyan gidajen ma baƙi ne. Sinkila da Burus daga Faransa kakanninsu suka fito. Maklaud, na tsibirin Sikai, sunan kakansu na mutanen Nowe ne, masu jiragen nan da suka addabi gaɓar teku da hari kafin su zauna su yi aure. Gidan sarautar ƙasar ma, watau Sitiwat, sunan aiki ne. Kakansu baƙo ne, Sarki Dauda na Farko ya naɗa shi sarkin gida, mai kula da fada da abin da ke shiga cikinta. Aikin ya zama gado, ya zama suna, har a 1371 ɗaya daga cikinsu ya hau gadon sarauta.

Duk wannan labarin manya ne. Talaka a cikin tuddai ba shi da sunan gado. In an tambaye shi ko shi wane ne, sai ya ce shi Iyan ne ɗan Donal ɗan Iyan ɗan Angus, ya yi ta ja har inda ya sani, kowa kuwa a ƙauyen ya gane shi. Har yanzu a tsibiran yamma masu jin Gelik suna kiran juna haka. Sunan gado ya zo wa irin wannan mutum ne daga baya, sa'ad da aka fara rubuta shi cikin littafin haya ko na soja ko na coci. Da aka ce ya ba da suna, wanne zai bayar in ba na mai ƙasar da ya ke noma a kai ba?

Ba ma sai an jira mai rubutu ba. A ƙasar da ba ɗan doka, ba alƙalin sarki, mutumin da ba shi da babba a bayansa naman kura ne. In aka kore masa shanu ba mai bin sawu, in aka kashe shi ba mai neman diyya. Don haka ƙananan gidaje su kan je wurin babba su yi mubaya'a, har a kan rubuta takarda: shi zai tsare su, su kuwa za su fito masa ran yaƙi. In mai gida ya mutu, babban ya kan ɗauki dabba mafi kyau cikin abin da ya bari, al'adar da majalisar ƙasa ta hana a 1617. In wani gida ya ci ƙasar wani, mazauna wurin ba duka su ke tashi ba, sai su kwana da wani uba su tashi da wani. Shugabannin kuma suna son yawan masu amsa sunansu, don da yawan takubba a ke auna girma. A na ba da labarin waɗansu matalauta da suka koma Fireza, waɗansu kuma Godon, a kan buhun gari guda, har aka riƙa yi wa jikokinsu gori da shi. Akwai kuma riƙo. Shugaba ya kan ba da ɗansa ga wani daga cikin mabiyansa ya rene shi, zumuncin da ke tsakanin yaron da 'ya'yan gidan kuwa sau da yawa ya kan fi na ciki ɗaya ƙarfi.

Ko wane babban gida yana da masu riƙe masa nasaba, aikinsu na gado, kamar maroƙan fada. Ran naɗi ko ran biso su miƙe su jero kakanni ɗaya bayan ɗaya. Na kusa gaskiya ne, don akwai dattawa a wurin da za su ƙaryata. Na nesa kuwa sai abin da ya yi wa mai gida daɗi. Kambel aka kai su har ga Sarki Ata na cikin tatsuniya. Makdonal aka haɗa su da tsofaffin sarakunan Ailan. Ba a taɓa jin maroƙin da ya ja nasabar ubangidansa ya tsaya a kan makiyayi ba, a can ko a ko'ina.

A farkon ƙarnin nan aka sami hanyar gwada maganar. Akwai wata alama cikin halittar namiji wadda ɗa ya ke gado daga ubansa kaɗai, tana bi daga uba zuwa ɗa kusan ba ta sakewa, da ɗan yawun baki kuwa a ke auna ta. Wani shehin malami na Jami'ar Okisfod ya gwada maza masu sunan Makdonal da danginsu. Ya tarar shugabannin gidajen lalle tushensu ɗaya, abin da ya gaskata maroƙa. Amma alamar ta nuna wajen Nowe, ba Ailan ba, abin da ya ƙaryata su. Cikin sauran masu sunan kuwa, kamar ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke ɗauke da ita. Ragowar ukun ba wani abin kunya a asalinsu. Jikokin manoma ne da masunta waɗanda suka zauna ƙarƙashin inuwar Makdonal, suka yi masa yaƙi, suka mutu dominsa, suka ɗauki sunansa. Kama da wane ba wane ba ne, amma su ba su taɓa ɗaukar abin ƙarya ba, don a wurinsu wanda ya tsare ka shi ne ubanka.

Kada a ce tun da suna aro ne, abu ne maras nauyi. Labarin gidan Makgirega ya isa ya nuna nauyinsa.

Su Makgirega tsohon gida ne, suna cewa su jinin sarakunan farko ne. Suna zaune cikin kwaruruka a yammacin ƙasar tun kaka da kakanni, hujjarsu ita ce zama da takobi. Maƙwabtansu Kambel kuwa suka gane abin da su ba su gane ba, watau amfanin takarda. Suka riƙa zuwa fada suna karɓo takardun mallaka da hatimin sarki. A hankali Makgirega suka wayi gari 'yan haya ne a ƙasar da aka binne iyayensu, daga nan kuma suka zama marasa ƙasa. Wanda aka raba da gona, ga iyali, ga takobi a hannu, an san abin da zai koma yi. Suka shahara da korar shanun mutane. A watan Fabrairu na 1603 suka gwabza da gidan Kahun a wani kwari wai shi Gilen Furun, suka kashe musu mutum fiye da ɗari.

Lokacin kuwa Sarki Jemis na Shida yana shirin tafiya London ya gaji sarautar Ingila, ba ya son a ce masa sarkin ƙasar da ba doka. A watan Afrilu na shekarar, kwana kaɗan kafin ya tashi, majalisarsa ta yanke hukuncin da ba a saba jin irinsa ba: an soke sunan Makgirega. Duk mai amsa shi ya bar shi ya ɗauki wani, wanda ya ƙi kuwa hukuncinsa kisa. Shugabansu, Alasta, ya ba da kansa ga shugaban Kambel bisa alkawarin za a kai shi Ingila ya kai kukansa ga sarki. Aka kai shi, aka ƙetare iyaka da shi don a ce an cika alkawari, sa'an nan aka juyo da shi Edinbara. A Janairu na 1604 aka rataye shi a tsakiyar kasuwa tare da waɗansu manyan danginsa. Dokoki suka yi ta biyowa. Kada su taru fiye da mutum huɗu wuri ɗaya. Kada su riƙe makami sai wuƙa maras tsini ta yankan nama. A 1633 aka hana limaman coci raɗa wa jariri sunan Girega, aka kuma hana akawu da magatakarda rubuta wata yarjejeniya da sunan. Wannan na ƙarshen ya fi kama da ƙaramin abu, amma shi ne mai ciwo. Mutumin da ba a rubuta sunansa ba ya iya sayen gona, ba ya iya ba da rance ya karɓa, ba ya iya kai ƙara. Yana raye, amma a wurin hukuma babu shi.

Sai suka watsu cikin sunayen maƙwabta. Waɗansu suka zama Mure, waɗansu Duramon, waɗansu Gireham, waɗansu Garant, waɗansu ma Kambel, sunan waɗanda suka raba su da ƙasarsu. Wa da ƙane su kan ɗauki suna dabam dabam. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Rob Roi, wanda aka haifa a 1671, fataucin shanu ya ke yi kafin bashi ya mai da shi ɗan tawaye. A takarda Robat Kambel ya ke sa hannu, sunan gidan uwarsa. Sarki Calis na Biyu ya ɗage dokar a 1661, don sun taimaki gidansu a yaƙi. Aka mai da ita a 1693. Ba a kashe ta gaba ɗaya ba sai a 1774. In an haɗa, shekara 139 ke nan sunan yana haram.

Abin mamaki shi ne abin da ya faru bayan nan. Mutum fiye da 800 suka fito suka sa hannu cewa su Makgirega ne, suka yarda da wani mai suna Jon Mure ya zama shugabansu. Cikinsu ba wanda aka haifa lokacin da aka fara hanin, ko ubansa. A cikin ɗaka aka riƙe sunan, uwa tana raɗa wa ɗanta a kunne. Shekara 125 bayan ɗage dokar, a 1899, wani likita ɗan talakawa, Sa Wiliyam Makgirega, ya zama Gwamnan Ikko. Amma da yawa ba su koma ba. Sun saba da sabon sunan, da shi aka san su a kasuwa, da shi aka rubuta gonarsu. Sabo da haka yau akwai Mure da Duramon waɗanda jinin Makgirega ne ba su sani ba, suna can suna neman asalinsu a gidan da kakansu ya fake kawai.

Zaman dangi irin na da ya ƙare ne a filin Kuloden, ran 16 ga Afrilu 1746. Wani ɗan gidan Sitiwat ya zo neman gadon kakansa, waɗansu gidajen tuddai suka bi shi, waɗansu, kamar Kambel, suka tsaya wa gwamnati. Yaƙin bai kai sa'a guda ba, aka kashe masa mutum fiye da 1,000. Gwamnati ta karɓe makamai, ta karɓe ikon shari'a daga hannun shugabanni, ta hana tufafin tuddai har 1782. Shugaban da ba ya bukatar mayaƙa kuma sai ya fara bukatar kuɗi, ya duba ya ga tumaki sun fi mutane riba. Aka riƙa tashin ƙauyuka ɗungum, a wani wuri har da sa wa rufin ɗaki wuta, kamar yadda aka yi a Sazalan a 1814 da 1819. Tun a 1773 wani jirgi mai suna Hekta ya kwashi mutum kusan 200 zuwa Kanada, dubbai suka bi bayansu. Sau da yawa wanda ya tashe su shi ne mai sunan da su ke amsawa. Jikan da ya dawo yau yana sumbatar bangon gidan shugaba, ya kamata ya fara tambaya ko wane ne ya sa kakansa a jirgi.

Da abin ya mutu sai aka fara ƙawata shi. A 1822 Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbara, marubucin nan Sa Walta Sikot ya shirya bikin, aka ce manya su zo cikin tufafin tuddai, watau zanen nan mai gidan dara da maza ke ɗaurawa zuwa gwiwa, wanda a ke kira tatan. A da, masaƙan ko wane yanki suna saƙa abin da rininsu ya ba su, mutum ya sa wanda ya ga dama. Yanzu kowa ya ruga wurin masaƙa yana tambayar na gidansu. Masaƙa kuwa ba su ƙi ciniki ba, zanen da jiya lamba ce gare shi yau ya sami sunan dangi. A 1842 waɗansu 'yan'uwa biyu, masu da'awar su jikokin sarakunan Sitiwat ne, suka buga littafin zane zane, suka ce daga wani tsohon kundi suka kwafo. Kundin ƙirƙira ne, amma da yawa daga cikin zanen da ke ciki har yau su a ke sawa. Daga baya aka tsara jerin ƙananan sunaye, aka rarraba su ƙarƙashin manyan gidaje, don kada mai saye ya fita kanti hannu wofi. Wani abin cikin jerin yana da tushe, wani kuwa kamar a ce duk mai suna Maƙeri ɗan gida ɗaya ne. Haka kuma tambarin gida da a ke sayar wa baƙi a kan faranti. A dokar Sikotlan tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk mai suna ba. Akwai alƙali musamman a Edinbara, Lod Layan, wanda ke riƙe da littafin tambura tun 1672, shi ne kuma ke tabbatar da wanda ya gaji shugabancin dangi.

Mai neman asali na gaskiya ba daga Somaled ya ke farawa ya gangaro ba. Daga kansa ya ke farawa ya hau, tsani ɗaya bayan ɗaya, ba ya taka na sama sai na ƙasa ya tabbata da takarda. A nan Sikotlan ta yi wa 'ya'yanta gata. Tun ran 1 ga Janairu 1855 hukuma ke rubuta ko wace haihuwa da aure da mutuwa, takardar mutuwa kuwa tana faɗin sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidan da uwar ta fito. Watau tsohuwar da ta rasu a 1860 tana da shekara 80 za ta iya kai mai bincike ga mutanen da aka haifa wajen 1750. Akwai ƙidayar jama'a mai sunaye tun daga 1841, kusan ko wace shekara goma. An ɗauki hoton takardun nan, mutum yana iya duba tsofaffin cikinsu ta intanet a ScotlandsPeople daga duk inda ya ke. Al'adar raɗin suna ma tana taimako, gama ɗan fari a kan sa masa sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuwa sunan kakarta ta wajen uwa.

Kafin 1855 sai littattafan coci, a nan kuwa tafiya ta ke yin wuya. Mafi tsufa ya fara a 1553, amma wannan a ƙasar fili ne. A tuddai da tsibirai, inda dangin su ke, da yawa ba su fara ba sai wajen 1800. Waɗansu danshi ya ci, waɗansu ɓera, waɗansu gobara. Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin kwabo uku a kan ko wane shigarwa, matalauta suka ƙi kai 'ya'yansu a rubuta. Al'adar nan ta maimaita sunan kaka, wadda ta yi taimako ɗazu, ita ce kuma ke kawo ruɗu, don ƙauye ɗaya ya kan tara Donal Makdonal goma. Ga kuma aikin masu alƙalami. Mai rubutu sau da yawa ba ya jin Gelik, sai ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi, ko ya juya sunan zuwa Ingilishi. Ɗan Iyan ya koma Jonson. Ɗan maƙeri ya koma Simit, wanda shi ne sunan da ya fi kowane yawa a Sikotlan, ya fi Makdonal, ya fi Kambel. Wani ya rubuta Mac cikakke, wani ya taƙaita Mc, jikoki kuma su zo suna gardama wai gida biyu ne. Galibin masu bincike a nan su ke tsayawa, wajen ƙarshen ƙarni na 18, a kan wani manomi mai saniya biyu da 'yar gonar dankali. Wanda ya kai nan ya sami abin da ya fi zanen kanti, ko da ya ke ba shi da kyaun ratayawa a bango.

Sunayen kuma ba su tsaya kan Turawa ba. A Jameka Kambel yana cikin sunayen da suka fi yawa, masu shi kuwa baƙaƙe ne, jikokin bayin da aka sa wa sunan mai gandu ko mai tsaronsu. Wani sunan ya biyo ta wata hanya har ya iso Nijeriya. A tsibirin Luwis akwai dangi wai su Makoli, watau ɗan Olaf, sunan mutanen Nowe. Wani daga cikin zuriyarsu, Zakari Makoli, ɗan limamin coci, an haife shi a 1768 a Inbarari, garin shugaban Kambel. Yana yaro ya tafi Jameka ya yi aiki a gandun rake, abin da ya gani can ya sa ya zama ɗaya daga cikin manyan masu yaƙi da cinikin bayi, har ya yi Gwamnan Saliyo daga 1794 zuwa 1799. A Saliyo ne a ke sauke bayin da jiragen Ingila suka ƙwato a teku, a can kuwa da yawa suka sami sunayen Turawa. A 1826 aka haifi wani yaro a can, iyayensa Yarbawa ne da aka ƙwato, aka sa masa Tomas Babintan Makoli, sunan ɗan Zakari sak. Ya girma ya zama limamin coci, ya zo Ikko, ya kafa makarantar sakandare ta farko a Nijeriya a 1859. Ɗansa shi ne Habat Makoli, wanda ya tsaya wa Turawa a wuya shekara da shekaru, ya kamu da ciwo a Kano cikin rangadin siyasa a 1946, aka mai da shi Ikko ya rasu a can.